Ɗakin da Na Gyara wa Innata

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru, shekarata tara da aure a Nguru, da 'ya'ya uku. Ni 'yar Gashuwa ce, kuma ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, don haka ko sunana ba ta faɗa, balle ta kwana a gidana. Bayan ta fita takabar mahaifinmu na yi ta roƙo, sai da ƙanenta ya sa baki ta yarda za ta zo ta yi min wata biyu.

Murna ta hana ni zama. Na sa maigida ya gyara ɗakin baya: aka sa sabon silin, aka shafa fentin mai, aka manna ledar ƙasa da gam. Mai fentin ya ce a bar ƙofa da taga a buɗe ko da mako biyu kafin a shiga. Ni kuwa saura kwana uku Inna ta iso. Da warin ya dame ni, sai na yi abin da kowace mace a nan ta iya. Na zuba garwashi a kasko, na sa turaren wuta mai kyau, na rufe taga na saki labule don ƙamshin ya kama ɗaki. Safe da yamma haka nake yi, har bayan ta zo.

Ranar da ta shiga ta dubi bango, ta shafa shi da hannu, ta ce Allah ya yi wa masu gidan albarka. Kwana biyu ta fara ciwon kai, idonta na ruwa. Na ce canjin wuri ne. Tari ya biyo baya, na ce mura ce, na ƙara toshe taga da tsumma kada iska ta shigo mata. Na sayo magani a kemis, na yi mata tofi, na ƙara turare don ta ji daɗi. Na lura kullum da ta idar da sallar walaha sai ta ja tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, a can tarin yake lafawa. Ni kuma sai in lallaɓa ta in mai da ita ciki, ina cewa maƙwabta za su ce na bar uwata a waje. Ba ta taɓa musa min ba.

A mako na uku, tana sallar la'asar na ji ƙirjinta na fito kamar usur. Ta yi sujada ta kasa ɗagowa. A asibiti aka sa mata na'urar numfashi, likita ya tambaye ni inda take kwana. Da na ba shi labari, sai ya ce fentin da gam ɗin ba su gama fitar da tururinsu ba, ga hayaƙin garwashi, ga ɗaki a rufe, ga tsufa. Ya ce turare ba ya korar wannan abu, ɓoye shi kawai yake yi.

Da aka sallame ta, ta ce a mai da ita Gashuwa, tsohon ɗakinta. Numfashinta bai koma yadda yake ba, bayan shekara guda Allah ya yi mata rasuwa. Na san ajali ne, ba kuma wanda ya ɗora min laifi. Amma a zaman makoki matar ƙanena ta gaya min cewa Inna ta ce tun kwana na biyu ta san ɗakin ne ke shaƙe ta, sai dai ta ga yadda yarinyar nan ke murna, ba za ta iya faɗa ba. Yarinyar nan ni ce.

Abin da na koya shi ne, ƙamshi ba lafiya ba ne. 'Yan'uwana mata, in an yi gyaran ɗaki ku bar shi ya sha iska, ku ajiye kasko tukuna. In tsoho ko jariri ya fi samun sauƙi a waje, ku zargi ɗakin. Kuma ku tambayi iyayenku har sau uku, domin kunya na hana su faɗa. Tagar ɗakin nan har yau a buɗe take. Ku sa Innata a addu'a.