Fiziks ɗin da Aka Cire Mini a Fom

Mataimakin shugaban makarantarmu ne ya cire mini fiziks daga fom ɗin jarrabawar gama sakandare, ya rubuta noma a gurbinsa. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Babana ba. Yau na haura hamsin, amma in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya sa mini son abin. Shi ya koyar da mu a aji huɗu, shekarar da gero ya yi tsadar da har masu rumbu suka koma garin rogo. Wata rana na tsare shi da tambaya, don me wata ba ya faɗowa alhali mangwaro yana faɗowa. Ya yi dariya, ya ce wata ma faɗowar yake yi, ƙasar ce yake kuskurewa kullum. Ya cika allo da lissafi, na kuwa gane. Daga nan ya faɗa mini akwai masana fiziks da ba ruwansu da na'ura, alli da takarda ne kayan aikinsu. Hanyar dai da nisa. Sai ka ci kiredit a fiziks da lissafi da kemistiri da Turanci, ka yi shekara huɗu a jami'a, ka yi digiri na biyu da na uku, ƙarshenta koyarwa da bincike. Ya ce ba a arziki da shi. Na ce na ji, dama a gidanmu ba mu saba ba.

Ya gama bautarsa ya tafi, ya bar mu mu uku da muka zaɓi fiziks. Ɗakin gwajinmu kuwa gyaɗar gonar makaranta ake tarawa a ciki. Jarrabawar tana da ɓangaren gwaji, dole a aro kayan aiki daga wata makaranta a Bici. Wannan zirga-zirgar ce mataimakin ya ga ba zai yi wa mutum uku ba. Sai da katin jarrabawa ya fito, saura sati uku, na ga noma. Na je ofishinsa, ya ce fom ya riga ya tafi, in fita in ja masa ƙofa.

Ranar jarrabawa na zauna na rubuta musu yadda ake shuka gero, abin da nake yi tun ban iya ɗaura wando ba. Na ce baɗi zan sake a Kano. Da baɗin ta zo Baba ya kwanta ciwo, gona ta dawo wuyana, shi ke nan.

Bara ina zaune kan buhu a rumfata ta hatsi a kasuwar Ɗanbatta sai ga mataimakin nan, ya tsufa, yana dogara sanda, tare da wani abokinsa. Ya gane ni.

"Alhaji, ka ga wannan? Ɗalibina ne," in ji shi. "Ni na ɗora shi a kan noma, ga shi yau da rumfarsa. Masu digiri suna can suna tuƙa adaidaita sahu."

Na gaishe shi, na ba shi benci. Sannan na ce, "Malam, kada ka ƙara faɗin haka a gabana. Noma Babana ne ya koya mini. Kai ƙyuyar zuwa Bici ka yi. Da ka bar ni na rubuta jarrabawar na faɗi, da na san kaina ne bai kai ba, na haƙura. Yanzu har in mutu ban sani ba. Tiya nawa za a auna maka?"