Waƙar da Babu Ita a Faifai

Shekara talatin da ɗaya Mai Guga ya yi a shago ɗaya, kuma bangon bayan shagon nan shi ne bangon gidan sinima. Duk tsawon shekarun bai taɓa saka ƙafarsa ciki ba. Ba rowa ba ce. Lokacin da ake nuna fim shi ne lokacin da kaya suke rufe shi, masu riguna suna tsaye a bakin ƙofa suna duba agogo. Abin da ya sani game da fim bai wuce rawar bango ba. In aka yi harbi a can, kwalbar da yake yayyafa ruwa da ita sai ta motsa a nan.

Sai aka kawo wani fim na dodanni da matsafa, gari ya ɗauka kamar zai tsage. Layi har ya sha kwana. A jikin hoton da aka manna, wata yarinya ce a kan ƙaton tsuntsu mai fikafikan wuta. Wata biyu ana nuna shi sau uku a rana, kuma a tsakiyarsa akwai wani kiɗa da ya kama Mai Guga ya ƙi saki. Da ganguna sun fara dukan bango sai ƙarfen guga ya bi sahunsu, sai waƙa ta taso masa a baki, ba kalma ko ɗaya, sauti ne kawai mai hawa da sauka. Mutumin da ko gaisuwa a taƙaice yake yin ta, ga shi yana rera waƙa har yana lumshe ido. Wando biyu ya ƙona a makon farko.

Matarsa ta yi shekara biyu ba ta sauko daga bene ba saboda ciwon gwiwa, don haka kullum shi yake kai mata labarin titi. Yanzu sai ya haɗa da waƙa.

"Malam, wannan kuma daga ina?"

"Ta fim ɗin nan ce. Ai ba ki ji komai ba tukuna, muryata ce kamar tsohuwar ƙofa. Bari ki ji ta gaskiyar, sai kin yi hawaye. Na yi miki alkawari."

Ana nan sai aka cire fim ɗin, bango ya koma harbe-harbensa. Tun daga ranar waƙar ta fara zille masa. In ya kamo tsakiya sai farko ya ɓace. Tsoro ya kama shi sosai, kada ta gudu gaba ɗaya matarsa ba ta ji ta ba. Auta, 'yarsu da ke aiki a kantin magani, ita ta gano cewa an fitar da faifan kiɗan fim ɗin, ta sa aka kawo.

Zo ka ga Mai Guga ranar nan! Ƙarfe biyu na rana ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya goge rigarsa, shi da yake yawo da yamutsattsiya yana gyara na mutane. Ya aro rediyo mai cin faifai wurin maƙwabci, ya hau bene da ita a rungume yana haki. Ya gyara wa matarsa matashi, ya rufe taga, ya hana kowa tari.

Kiɗa goma sha takwas ne a faifan. Na farko ya tashi da goge masu yawa da muryoyin mata. Ashe haka abin yake a ciki! Bai iya zama ba, sai kaiwa da komowa yake yana cewa, "Yanzu za ta zo, ku saurara." A na bakwai gangunansa suka fito, ya ɗaga yatsa sama, bakinsa a buɗe. Sai ƙahoni suka hau kansu da wata waƙa dabam, wadda bai taɓa ji ba. Ya jira har na sha takwas ya ƙare.

"An cuce mu," ya ce. "Sun cire ta."

Auta ta sunkuyar da kai. "Baba, sau uku na kalli fim ɗin nan. Wallahi ban taɓa jin waƙarka a ciki ba. Nauyin faɗa maka nake ji."

Kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki. Ya zauna a bakin gado da gogaggiyar rigarsa, ya kasa duban matarsa. Auta ta ga gara ta ba su wuri, ta ɗauki rediyon ta shige ɗakinta ta ja ƙofa. Can ta sake kunna na bakwai, don ita ya yi mata daɗi.

Gogen ba su ratso bangon ɗakin Auta ba, ƙahonin ma haka. Ganguna ne kaɗai suka iso. Hannun Mai Guga ya fara tafiya a kan gwiwarsa, gaba da baya, sai ga waƙar ta fito tun daga farkonta, ba inda ta karye. Yana kaiwa ƙarshe Auta ta banko ƙofa a guje.

"Baba! Ganguna kawai kake ji a shago! Sauran duk kai ka ɗora. Waƙarka ce, kai ka yi ta!"

"Ke, rufa min asiri. Ni da guga na sani?"

Ya juya wajen matarsa ko za ta taya shi musu. Tana share ido da gefen ɗankwali, tana dariya.

"Auta, koma ki rufe ƙofar da kyau, ki mayar da shi farko," ta ce. "Malam, matso nan. Ta gaskiyar nake so in sake ji."