Dogarin da Ya Ƙi Mutuwa Rub da Ciki

Tsohon da ƙofarsa ke kallon tamu a unguwar Cheras ba ya fita daga ɗaki kamar kowa. Da baya-baya yake fita, fuskarsa na kallon waɗanda ya bari a zaune, hannunsa na lalubar ƙofa. Na ɗauka tsufa ne. Ni kuwa tun a Jos aka san bakina ba ya da linzami, sai na tambaye shi.

"Ɗan wasa ba ya ba jama'a ƙeya," in ji shi. "Fuska suka zo gani."

Atuk muke ce masa, wato kaka, kuma wasan jika da kaka na kama yi da shi kamar a gida. Karatu ya kai ni ƙasarsu can ƙetare, amma rabin yammacina a falonsa nake yi, ina shan shayin 'yarsa mai sayar da kayan ƙwalama a unguwar Kampung Baru. Ina ƙaunar tsohon nan ƙwarai.

Yana yaro ya gudu daga gida ya bi 'yan bangsawan, masu wasan dandamali da ke yawo gari-gari da labulaye masu zane da rawanin kwali. Ba a rubuta musu komai. Maigidan wasa zai ba su labari da rana, in aka ɗaga labule kowa ya san yadda zai yi da bakinsa. Da jan labule ya fara, har ya zama dogarin sarki, kuma aikin dogari ɗaya ne: a soke shi ya mutu. Ya ce babu garin da bai mutu a cikinsa ba. Sai ya dafe wuƙar, ya yi tangaɗi, ya juyo ya faɗi fuskarsa na kallon mutane, har mata su yi ta share hawaye.

"Atuk, kai dai ba ka taɓa kai ƙarshen wasa da rai ba ke nan."

"Wanda ya kai ƙarshe, wa ya yi masa kuka?"

Da zamanin fim na baƙi da fari ya zo, aka ɗauke shi dogari a wani fim. Darakta ya ce ya faɗi rub da ciki, don jarumin ake so a gani. Atuk ya ce boleh, wato ba matsala, aka kunna kyamara, ya juyo. Aka sake, ya sake juyowa. Ba taurin kai ba ne, jikinsa ne bai san wata mutuwa ba. Daga ƙarshe ya faɗi yadda ake so, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Ba a sake kiransa ba. Ya koma dandamali har bangsawan ɗin ma ya mutu, ya ƙare a tuƙin tasi.

Fim ɗin kuwa bai taɓa kallonsa ba. "Me zan gani? Ƙeyata?" Daraktan ya daɗe da rasuwa, amma kullum sai ya sha zagi a falon nan.

Abin da ke cin Atuk shi ne ba shi da ko hoto ɗaya na zamanin wasansa. 'Yarsa a tasi ta taso ta gan shi, kuma in ya fara labarin sai ta yi murmushin da ake yi wa yaro mai ƙarya. Ga yanar ido ta rufe masa gani, da ƙyar yake bambanta ni da labule.

Wata Asabar da rana aka sa fim ɗin a tashar da ke nuna tsofaffin finafinai. Ya ce kada a kunna. Na ce miji ba ya musu da amarya, na kunna. Ya zauna ya juya wa talabijin gefe, wai shi ba ya kallo, alhali kunnensa na can.

Can sai ya ce, "Ga gangar nan. Yanzu za a soke ni."

Wani siririn saurayi ya shigo da mashi, bayansa kawai muke gani. Aka soke shi. Ya dafe wuƙar, ya yi tangaɗi, sai ya juyo, fuskarsa ta cika allon. Hancin nan ne, da kunnuwan nan masu kama da marfin tukunya. 'Yarsa ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

Atuk ya kama hannuna. "Me kika gani? Kada ki yi mini wasa yau."

'Yarsa ce ta amsa wa babanta.

"Abah, ka juyo. Kai ne."

Fim ɗin ya wuce wani wajen. Sannan ya ce, "Ashe faɗuwa irin tawa daraktan ya bari." Ya goge idanunsa da gefen zanensa, ya ce wa 'yarsa ta tambayo masa inda aka binne daraktan.