Hoton Gonar Aro

A shekarar da na sayi kyamara ne na gano cewa ashe ni mutum ne mai ido. Kafin nan malamin firamare ne kawai ni a Wurno, ina koyar da lissafi, ina hawan babur ɗin da sai an tura shi yake yarda ya tashi. Wani abokin aikina ya sayar mini da kyamarar, ta hannu ce, murfin batirinta ma da roba ake ɗaure shi. Amma ranar da na rataya ta a wuya har tafiyata sai da ta sauya. Na yanke wa kaina hukunci cewa ni na fi ƙarfin hoton biki da suna. Ƙasa zan riƙa ɗauka, tudu da kwari da ruwa da gajimare. Mutanenmu sun kasa gane wannan. A wurinsu hoto shi ne ka sa rigar Sallah, ka tsaya ƙyam, ka ɗaure fuska. Da na nuna wa Inna, mahaifiyata, hoton fili ba kowa a ciki, sai ta tambaye ni ko mutanen ne suka ƙi tsayawa.

Ƙauyenmu yana gefen Taloka, a ƙasar Goronyo, a bakin wani kwari mai faɗi. Masu rabo suna da fadama can ƙasa inda ruwa yake kusa, suna shinkafa da albasa. Mu kuwa a sama aka ajiye mu. Gonar da Baba ya gada an raba ta tsakanin 'yan'uwa har ta koma abin da ba ya ciyar da gida wata huɗu. Don haka ya je ya ari gona.

Aron gona a wurinmu ba shi da takarda. Mai gona ya ce ka noma, sai ka noma. Kowace kaka ka kai masa dami ɗaya ko biyu, ba don ya ci ba, don dai a tuna cewa wurin nasa ne. Duk shekarar da ya ga dama kuma, da zarar an kwashe amfani, ya karɓi abinsa, ba mai ce masa don me.

Wadda aka ara wa Baba tana jikin dutsen da ke bayan gari. Kiranta gona ma kara aka yi mata. Fako ne da tsakuwa, ruwan sama in ya sauka ba ya ko gaishe ta, wucewa yake yi kwari da ɗan abin da ya rage na ƙasarta. Mai ita wani Alhaji ne, dillalin albasa a Sakkwato, gadonta ya yi, kuma ina shakkar ko ya taɓa taka ta. Ya bayar da ita da fara'a sosai, irin fara'ar wanda aka roƙa abin da ko akuyarsa ba ta so.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a kan wurin nan. Ya tsince duwatsu ya jera su a gicciye, layi bayan layi, don su tare ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Inda fartanya ta ƙi shiga ya sa diga ya haƙa ƙananan ramuka, ya zuba taki a kowanne. Takin kuwa a kan jaki yake hawa da shi, mangala biyu da safe, mangala biyu da yamma, duk rani. Ya dasa gamba a bakin layukan duwatsun. Duk tsiron gawo da ya fito ya kewaye shi da ƙaya. Ni a farkon shekarun ina kwaleji, gudunmawata ita ce in zo hutu in ce sannu da aiki. A hankali ƙasa ta taru a bayan duwatsun, ta yi baƙi, ta yi laushi. Ya kai ga rumbunmu yana kai mu wata damina, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Akwai kuma wata dabara tasa da nake gani kullum ban taɓa tambayar dalilinta ba. Hanyar ƙafa ta bi ta gindin gonar. To tsirin da ke bakin hanyar nan Baba bai taɓa zuba masa taki ba. Ya bar sabara ta yi duhu a wurin, geron da ke tsakaninta ƙanana, jajaye, abin tausayi. Mai wucewa abin da zai gani ke nan. Ainihin gonar tana bayan kafaɗar dutsen, ba ka ganinta sai ka shiga ciki, ko ka hau can ƙololuwa, inda ba mai hawa sai awaki. Daga wannan tsirin na bakin hanya ne kuma ake ɗaure damin Alhaji. Baba bai taɓa yi masa ƙarya ba. In ya tambaya, “Ƙaƙa tsakuwarmu?” sai Baba ya ce, “Da godiya, Alhaji, tana yin abin da taka iyawa.” Duk garin an san yadda gonar take, ba kuma wanda ya taɓa yabonta da ƙarfi. A wurinmu in gonar mutum ta yi kyau cewa ake yi ta yi dama-dama, a wuce. Ni da karatuna na ɗauki wannan a matsayin rowar baki.

Ran nan, cikin watan da gero yake fitar da kai, na zo gida hutun ƙarshen mako. Aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke bayan la'asar, rana ta fito ta ƙarƙashin hadari. Mai ido irina ba ya zama a zaure a irin wannan lokaci. Na ɗauki kyamara na bi hanyar awaki, na yage wando, na kurje gwiwa, na kai ƙololuwa.

Ba zan ɓoye ba, abin da na gani ya sa na manta da kurjen gwiwata. Kwarin gaba ɗaya yana kwance a ƙasa, shinkafa kore shar, ruwan Rima yana ƙyalli can nesa. A gabana kuma, daf da ƙafata, ga gonar Baba tana sauka hawa-hawa, kowane layin duwatsu da geronsa ya fi mutum tsawo, wake ya rufe ƙasa, kawunan geron jiƙe suna ɗaukar rana. Ban taɓa ganinta gaba ɗaya haka ba. Na ji ƙaunar tsohon nan ta cika mini ƙirji. Na ɗauka sau da yawa, ɗaya ya fito yadda ko a mafarki ban zata ba.

Da a ce na tsaya nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma me amfanin ido in ba a san kana da shi ba? Na tura hoton cikin wayata, na sa shi a guruf ɗin 'yan garinmu mazauna birni, na rubuta a ƙasa cewa ga abin da hannun mahaifina ya yi a jikin dutse.

Kafin magariba yabo ya fara zuba. Mutanen da rabonsu da riƙe fartanya tun suna firamare suka yi ta rubuce-rubuce a kan albarkar noma. Wani ya ce kamar ba ƙasarmu ba, kuma a wurinsa wannan shi ne ƙarshen yabo. Wani ya roƙi izinin sa hoton a fuskar wayarsa. Na ba shi, ni mai kyauta. Aka yi ta turawa gaba, ni kuma ina ƙirga masu yabon ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Washegari da hantsi na sami Baba a ƙofar gida yana gyara akumarin jaki. Na miƙa masa wayar ina jiran a sa mini albarka. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya daɗe yana kallo. Na ga bakinsa ya ɗan motsa, don shi ma bai taɓa ganin aikinsa daga sama ba.

“Daga ina kaɗ ɗauki wanga?”

“Daga bisa dutsi, Baba.”

“Su wa sunka gani?”

“Kowa da kowa,” na ce, har ina gyara tsayuwa.

“Har Sakkwato?”

“Har gaba da Sakkwato.”

Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, kamar yadda ake mayar da kwanon da aka ci aka ƙoshi. Ya ɗauki buta ya zagaya, alhali ba lokacin wata salla ba ne. Inna da ke tankaɗe a tsakar gida ta ji komai. Ta dube ni ta ce, “Kai dai anka kai makaranta, ko?” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ko a lokacin ban gane ba. Sai da mako ya zagayo.

Ranar Asabar Alhaji ya zo. Shekara goma sha ɗaya bai san hanyar garinmu ba, ranar nan zumunci ya motsa masa. Motarsa ta tsaya a bakin kwalta, aka ɗauko shi a kan babur, babbar riga tana kaɗawa. Ya kawo wa Baba goro da turare, ya tambayi lafiyar kowa har da jaki. Sannan ya juyo gare ni da murmushi.

“Malam, kai na mai hoton ga? Kai, Allah shi yi ma albarka. Taho ka gwada min inda kat tsaya.”

Ni na kai shi. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse. Na shige gaba, yana biye yana haki, takalminsa mai sheƙi yana zamewa a kan tsakuwa, har na riƙe masa hannu a wurin hawa. Da muka kai sama ya dafa ƙugu, ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Bai dubi kwarin ba ko sau ɗaya, bai dubi ruwan Rima ba, duk abin nan da na yage wando dominsa. Leɓɓansa suna motsi, na gane dami yake lissafawa.

“Masha Allahu,” ya ce. “Ashe ƙasar tsoho na da kyawo haka.”

Ƙasar tsohonsa. Ita ta tashi da kanta ta tsince duwatsunta ta jera, ita ta yi wa kanta dakon taki.

Ya yi mutunci, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba sai da aka yi girbi, aka ɗaure, aka kai gida. Shekarar nan rumbu ya cika har aka jingina saura a jikin katanga. Bayan nan da kwana kaɗan ya aiko wani dattijo ɗan'uwansa da saƙo mai laushi. Wai ɗiyan Alhaji sun girma, suna sha'awar noma, don haka yana son gonarsa. Na san ɗiyan nasa. Babban cikinsu ya taɓa nuna dawa ya tambaye ni ko rake ne.

Raina ya ɓaci, na tashi zan yi magana. Na fara kawo zancen haƙƙi da gumi da shekaru, har ina cewa a je wurin mai gari. Baba ya ɗaga mini hannu.

“Zamna. Mi za ka ce ma mai gari? Aro anka ba ni, kuma an yi min alheri. Abin mutum abin mutum na.”

Ya juya ga dattijon ya ce a gaya wa Alhaji ya gode, Allah ya saka. Ya ƙara da roƙo ɗaya, kada a kwashe duwatsun, kada a sare gawon. Dattijon ya ce in Allah ya so, da muryar wanda ba zai ko isar da saƙon ba.

Baba bai taɓa zagina a kan abin nan ba. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Na koma Wurno na jefa kyamarar a ƙasan akwati, na tsane ta, na tsani kaina fiye da ita. Hoton kuwa bai daina yawo ba. Har wata rana wani ya turo mini shi, yana tambaya ko na san wace ƙasa ce wannan.

Da bazara ta gabato Inna ta aiko a ce in zo, Baba yana nemana, kuma in taho da abin hoton nan nawa. Na zo na kwana. Da sassafe ya kora jaki, na bi shi. Muka wuce hanyar tsohuwar gonar, bai waiwaya ba. Muka zaga ta arewacin dutsen, muka tsaya a wani wuri da ko ciyawa ba ta yi masa alfarmar fitowa ba. Jan fako ne, ruwa ya tsattsaga shi, duwatsu barbaje ko'ina. Wani maƙwabcinmu ne ya ara masa, shi ma da fara'a.

Baba a lokacin ya haura saba'in. In zai sunkuya sai ya dafa gwiwa tukuna. Ya sauke mangalar, ya tsaya yana maida numfashi, sannan ya nuna filin da haɓa.

“Ɗauki.”

“Baba, ba komi nan.”

“Shi nika so ka ɗauka. Ka aika musu, kowa shi gani.”

Na ɗauka. Shi ne hoto mafi muni da na taɓa yi, na kuma tura shi guruf ɗin a tsaye a wurin. Ba wanda ya ce uffan.

Baba ya dafa gwiwa, ya sunkuya, ya ɗauki dutse ya ajiye a gicciye, ya ɗauki wani ya ajiye kusa da shi. Na tuɓe takalma na fara miƙa masa. Mun yi layi kamar taku goma kafin ya sake magana, kuma bai ɗago kai ba.

“Waccan shekara goma sha ɗaya tac ci. Wagga ba ni ganin gyaranta, kai za ka gani. In tay yi kyawo bayana, ka ruhwa mata asiri.”