Kifin da Kawu ya kawo dubiya

Ƙanena ya dawo daga aikin soja da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, har maƙwabta na shigowa yi wa Mama barka. Mu na cikin gida mu muka san abin da aka dawo mana da shi. Ba ya magana sai ta kama dole, ba ya leƙa ƙofar gida, in salansar babur ta buga a titi sai a same shi bayan ƙyaure. Kayansa duka jaka ɗaya ce, sai wani akwatin gilashi da ya rungumo tun daga Kaduna, da 'yan kifaye a cikin leda.

A Zuru da wuya ka shiga gidan da babu soja, amma soja mai kiwon kifin kallo ban taɓa ji ba. Kifi a wurinmu abin miya ne. Mama ta dube su, jajaye-jajaye, ba su wuce babban yatsa ba, ta ce wane irin kifi ne wannan da shi za a ciyar. Ba a jima ba ta daina tsiya, don ta lura da abin da ni ma na lura. In an kai masa tuwo ba ya taɓawa. Sai ya barbaɗa musu abincinsu, ya tsaya ya ga kowanne ya ci, sannan ya buɗe kwano. Yarana yake ce musu. Wani abokin aikinsa da ya zo gaishe shi ya ja ni gefe ya ce haka yake yi a daji, ba ya ci sai na ƙarƙashinsa sun ci, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka fito. Tun daga ranar na san cin abincin ƙanena a cikin gilashin nan yake.

Da damina ta yi tsakiya sai ga Kawu, yayan Mama, daga ƙauyensu na bayan Sakaba. 'Yan bindiga sun tashe su, sun ƙone rumbuna. Mutumin da a da in zai zo sai an sauke masa buhun dawa da kaji daga mota, ya shigo da riga ɗaya da gora a hannu. A wurinmu ba a zuwa duba marar lafiya hannu biyu. Ya ji labari cewa kifi yaron yake so, shi ne da ya zo ƙetare rafi ya tuɓe rigarsa ya kamo 'yan ƙanana masu ruwan toka. Ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗaki ya juye gorar a cikin gilashin da kansa. Na ga ƙanena ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Wa zai riƙe hannun kawunsa?

Ni kaji nake kiwo, don haka idona ya saba. Kaza ba ta cewa tana ciwo, sai dai ta ware, ta saki fiffike. Bayan kamar mako na ga ɗaya daga cikin jajayen yana goga jikinsa da dutse. Wani ya naɗe fikafikansa ya maƙale a lungu. Da na haska fitilar waya sai na ga ɗigo-ɗigo farare a jelarsu, kamar an yayyafa musu gishiri. Mama ta ce sanyin damina ne, a fasa musu kafso ja-da-rawaya irin wanda muke jefa wa kaji a ruwa. Na ce a dakata, kaji ma rabin lokaci dace muke yi.

Na kira mai sayar da kifin a Kaduna, na juya masa wayar ya gani da idonsa. Tambayarsa ta farko ita ce mene ne sabo ya shiga ruwan. Ya ce wata ƙwaya ce mai shiga ƙarƙashin fata, in ta ƙoshi ta faɗo cikin tsakuwa ta hayayyafa, 'ya'yan su sake hawa kifin. In ta kai ga inda suke numfashi sai su riƙa hawowa sama suna haki. Na rafi sun saba da ita, su ne suka kawo ta, ga shi sun cika wurin suna cizon jajayen. Ya ce in kwashe su yau, in zuba gishiri kaɗan, in ɗumama ruwan, in riƙa canza wani sashe. Magani kuma zai ba direba, in hanya ta yi kyau.

Na sami Mama a madafa na faɗa mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Mutumin da aka ƙone ma rumbu, abin da ya rage mai ke nan ya ba da. Ki kwashe a gaban idonshi?"

Na ce to ɗanta fa? Ta ce in yi gishirin, in yi ɗumin, amma kifin yayanta ba mai taɓawa. Kawu kuwa a ɗakin yake wuni, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa nasa, yana cewa dubi yadda suka sake. Wannan ne kawai abin da ke sa shi dariya. Haushi ya cika ni, na Mama, na Kawu, na mutanen da suka koro shi, kuma ba wanda zan iya sauke wa. Na riƙa zuba gishiri ina cewa abinci ne, ina jingina robobin ruwan zafi a jikin gilashi.

Suka fara mutuwa. Da safe ƙanena zai sa hannu ya ɗauko wanda ya kife, ya naɗe shi a ganye, ya tona rami a gindin zogale. Bai taɓa tambayar me ya faru ba, ya fi ni sani. Kwanon tuwonsa ya fara dawowa da rabi, daga baya gefe kawai ake gutsura. Ranar da maganin ya iso saura biyu, suna haki a saman ruwa. Maganin ya mai da ruwan shuɗi, shi ke nan abin da ya yi.

Da na ƙarshen ya tafi, Mama da kanta ta kai masa abinci. Ta miƙa masa gwangwanin abincin kifi, ta nuna masa masu ruwan tokan nan suna ta zagaye, lafiyarsu lau.

"Ga waɗanga nan, baba na. Ba su, ka ci."

Ya dube su ya ce, "Ba nawa ba ne, Mama."

Kawu yana zaune a kan tabarma. Ban san tun yaushe ya gane ba. Ya tashi ya ɗauko gorarsa, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya da kofi. Washegari ya koma wurin wani ɗan'uwa a Dirin Daji, duk roƙon da Mama ta yi masa. Bai sake kwana a gidanmu ba.

Na wanke gilashin, na shanya tsakuwar a rana, na sa aka aiko mini da wasu jajayen irin na da sak. Na kai masa su a ledarsu ina murna. Ya daɗe yana kallonsu, har na ɗauka zai miƙo hannu.

"Sababbin ɗauka ne, Yaya," in ji shi. "Ki mai da su wurin iyayensu tun da sauran lokaci."

Bai taɓa ba su abinci ba. Kafin a yanke dawa muka kai shi asibiti, ana ɗura masa ruwa ta hannu, kuma bai ga Kirsimeti ba.

Kifayen suna nan a ɗakina. Ba na son su, amma kullum sai na haska jelarsu na duba ɗigo. Mama takan aiko a ce tuwo na hucewa, in ce ina zuwa, akwai ɗaya da bai ci ba tukuna.