Kujerun Maɗaci na Inna

Shekarar da ciwon ƙafa ya matsa wa Inna, mahaifiyata, muka ɗauko ta daga gidanmu na Ƙofar Durbi ta dawo wurina a Kambarawa. Ba ta yi gardama ba, amma ba ta saki jiki ba. Matar da ta saba karɓar baƙi tun hantsi, sai ga ta ta lafe a ɗaki kan darduma. In na roƙe ta ta fito falo, takan ce kujeruna haɗiye mutum suke yi, wanda ya zauna sai an ɗago shi.

Nata kujerun suna tsohon gida, irin na katako masu hannu da ake ɗora wa kushin, da ɗan teburinsu na tsakiya. Da su aka kai ta ɗakin mahaifinmu. Yayana da ke zaune a gidan ya riga ya jingine su ƙarƙashin rumfa, yana shirin bai wa mai tuyar ƙosai ta yi itace. Na ce a ɗoro mini su a a-kori-kura.

Da aka sauke su a tsakar gidana, sai na ga irin lalacewar da suka yi. Tsohon man da aka shafa musu ya yi baƙi ya tsattsage, hannayensu sun daskare da dauɗa, ƙafar ɗaya tana rawa. Maigidana ya ce a kira kafinta. Na ce masa muna hutun makaranta, ni zan yi da hannuna. Bai hana ni ba, ya dai ce bai taɓa ganin malamar firamare da samfefar goge katako ba.

Na shiga Babbar Kasuwa na sayo samfefar, mai kaushi da mai laushi, da gam, da buroshi, da gwangwanin farin fenti. Niyyata in mayar da su fari tas, kamar waɗanda nake gani a waya.

Gugar katako aiki ne mai cin rai. Garin katakon ya cika mini hanci, lallen hannuna ya goge, kafaɗata ta riƙa zogi. Amma duk inda na kankare baƙin nan, sai wani jan katako ya fito, mai zane kamar ruwa yana gudu. Ƙarar gugar ce ta fito da Inna. Ta dogaro sandarta ta zauna a baranda tana kallona. Washegari ma ta fito, har ta fara nuna mini lungunan da na tsallake.

Ranar da na buɗe gwangwanin fenti ta ɗaga kai.

"Mi za ki yi da wannan?"

Na ce mata zan shafe su ne, su koma na zamani.

"Maɗaci ne fa, ɗiyar nan. Kin sha wahala kin fiddo mashi fuska, kuma ki rufe?"

Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Mahaifinta da kansa ya zaɓi katakon, ya riƙa zuwa wurin kafinta yana duba aikin, kuma ranar da aka jera su mata suka yi ta shigowa kallo. Na ɗan ja da ita, don raina yana kan farin. Daga ƙarshe muka raba: kujeru a bar su da fuskarsu, teburin kuwa, da yake dutsen guga ya taɓa ƙona samansa kuma tabon ya ƙi fita, a shafa masa fenti.

Na koma kasuwa na sayo rinin katako mai ruwan ƙasa da ɗan ja, da man da ke sa shi sheƙi. Da tsumma ake shafa rinin a goge tun bai bushe ba. Na fara gwadawa a ƙarƙashin kujera, da na ga ya kama sai na bi sauran. Ƙafar da ke rawa na cika ta da gam, na ɗaure da igiya ta kwana. Teburi ne ya ba ni aiki biyu, domin kazar maƙwabta ta bi ta kansa fentin yana ɗanye. Inna ta yi dariya har tana share ido, ni kuma na sake gogewa na sake shafawa, na kulle shi a gareji.

Telan unguwa ya ɗinka wa kushin sababbin riguna, koren yadi da Inna ta zaɓa. Muka matsar da nawa kujerun gefe guda, muka jera nata wajen taga. Ta shafa hannun ɗaya, ta zauna, can kuma ta dafa ta miƙe ita kaɗai.

Ba a jima ba ƙawayenta na Ƙofar Durbi suka fara zuwa gaishe ta. Wata Hajiya, bayan an gama doguwar gaisuwa, ta tambayi wane kafinta ne ya yi wannan aiki. Ina kicin ina haɗa musu kunun zaƙi na ji amsar Inna.

"Ba kafinta ba ne. Ɗiyata ce, da hannunta."

Na daɗe tsaye da ludayi a hannu kafin in iya fitowa. An sha yaba mini a wurin aiki, amma ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba.

Hajiyar nan ba ta bar maganar ta wuce ba. Kafin hutu ya ƙare ta aiko mini da wani tsohon kabad na jeren kwanuka, duk ya dafe da hayaƙi, tare da saƙon cewa ita shuɗi take so.