Babban Yatsana da Na'urar Bakin Ƙofa

Shekarun da na yi ina ɗinkin bakin buhu a wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi, ban taɓa makara ba. Daga Argungu nake tasowa bayan asuba a motar masu albasa, in iso ina ƙamshin miya. Amma da aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, sai na zama sarkin makararru. Ni ɗan masunta ne. Igiyar taru ta cinye zanen babban yatsana tun ina saurayi, zaren buhu ya ƙarasa sauran. In dangwala, na'ura ta nuna ja. In lasa yatsan, in goga a riga, in yi bisimilla, ja dai. Kafin ta haƙura ta karɓe ni lokaci ya wuce. Takardar gargaɗi biyu na karɓa, aka ce ta uku ita ce sallama. Ban faɗa wa kowa dalili ba. Ina dattijo zai tsaya gaban manaja ya ce yatsansa ya suɗe?

Ana cikin haka masu kamfanin suka turo wata mata ta ji yadda ma'aikata ke ji da aikinsu. Ta raba takardu, kowace tambaya da fuskoki uku a gabanta: mai murmushi, mai shiru, mai ɗaure fuska. Nan take raɗe-raɗi ya zagaya cewa masu ɗaure fuska za a kora. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku, ga gargaɗi biyu a aljihu, na bi mai murmushi tun daga sama har ƙasa. Daga baya na ji har hutun haihuwa na ce ya ishe ni.

Washegari ta tara mu a rumfa lokacin hutu, takardun na cinyarta.

"Ban taɓa ganin wurin da kowa ke murna haka ba," in ji ta. "Babu mai damuwa ko ɗaya?"

Muka ce lafiya lau, Hajiya, mun gode Allah.

Ta yi ajiyar zuciya ta ce to shi ke nan, gobe za ta wuce gida Katsina.

Kunnena ya miƙe. Tsakanin Kabawa da Katsinawa akwai wasa tun kaka da kakanni, duk abin da ka faɗa wa ɗayansu ba a fushi, ba a kai ƙara. Bakina ya riga hankalina.

"Ashe baiwarmu ce munka zauna muna jin tsoro," na ce. "Tashi ki ba ubangidanki kujera."

Manaja ya zaro ido. Ita kuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, Bakabe ne kai? Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙarnin kifi."

Rumfa ta ɗauki dariya.

"Albasa ce, 'yar nan, hancin Katsinawa bai san abinci ba. Kuma waccan na'urar ta bakin ƙofa 'yar garinku ce, ko shakka babu. Kullum tana ganin iyayen gidanta tana yi kamar ba ta san su ba."

"Wataƙila uban gidan ne ba ya zuwa da wuri."

"Ni ka fara isowa. Dibi nan."

Na miƙa mata yatsan. Ta juya shi a haske, sumul kamar bayan cokali. Dariyarta ta ragu.

"Akwai wani mai irin wannan?"

Sai wani tsohon mai dako ya ɗaga nasa. Sai mata masu tsince tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya, har da masu lalle da na'urar ke ƙi duk makon biki. Kowa ashe ya ɗauka shi kaɗai ne, yana ɓoye abinsa. Daga nan baki ya buɗe. Aka faɗi maganar ruwan sha, aka faɗi ta ƙaiƙayin ƙaiƙayi a ido. Duk wanda zai yi magana sai ya fara da tsokanarta, har wani Bayarabe mai gyaran inji ya rantse kakarsa Bakaba ce. Ta juya bayan takardunmu masu murmushi tana rubutu har ta cika su.

Bayan mako biyu manaja ya aiko kirana. Na tafi ina karanta duk addu'ar da na iya, ba su da yawa. Ya karɓi takardun gargaɗin nan biyu ya yaga a gabana, ya miƙo mini kati mai hotona, ya ce daga yau shi zan riƙa nunawa, ni da duk masu irin yatsana.

"Baba, me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ranka ya daɗe, kai Bakabe ne ɗan'uwana. Da wane ido?"

Ya yi dariya har da dafa tebur. Na rataya katin a wuya na koma kan buhunana, kuma ban bar kamfanin nan ba sai da gwiwoyina suka ce sun gaji.